Agogon da Ya Dace da Hannun Kakanka

Zuwa ga jikana, angona na nesa,

Assalamu alaikum. Kafin komai riƙe wannan, tunda an ce ka yi karatu mai zurfi: wane baƙo ne ba ya ci, ba ya sha, ba ya barci, amma kullum da safe sai maigida ya kama kunnensa ya murɗa, in ba haka ba ya yi gum da bakinsa? Yi ta tunani.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da jaririyar da har yau a hoto kawai na san ta. Allah Ya raya ta, Ya yi wa nemanka albarka, Ya tsare ku. Mu nan alhamdu lillahi. Gwaggonka tana nan da faɗanta, kawunka ya gyara rufin ɗakin baya. Ni kuwa gwiwa ce ke damuna, amma ba ta hana ni kwalliya ba, ko angona zai faɗo babu sanarwa.

Gwaggonka ta nuna mini hotunan agogo biyu da ka turo, wai in zaɓa wa kakanka ɗaya. Da ta fara faɗin tsadarsu na ce ta rufa mini asiri, ina da hawan jini. Na sa tabarau na ƙare musu kallo. Na zinariyar nan mai gilashi a baya, har ana hango 'yan hanjinsa suna juyawa, ya yi kyau ƙwarai. Ta ce ba ya son batir, ba a murɗa shi, motsin hannun mai shi ne abincinsa. Ɗayan fari ne mai maɗaurin fata da manyan lambobi, shi sai an murɗa. Ta ce kai na zinariyar ka fi so, don kada a ɗora wa tsoho wahala.

Na san wanda kake tunawa: kakanka a shagonsa, zarto a hannu, garin katako har gira. Da shi za ka saya wa, ai ƙoshi ne zai kashe agogon. To jikana, nemi wuri ka zauna. An gaya maka tsohon agogonsa ya fashe, ba a gaya maka yadda ya fashe ba. Yana ɗaure a hannunsa ranar da ya faɗi a ƙofar shago, kuma tun ranar ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Shi ya hana a sanar da kai, wai kada ka bar aikinka. Shi ya sa in ka kira yake gajarta magana, ya ce barci yake ji.

Yanzu yini yake a kujerar da ya ƙera da kansa, kusa da taga, hannun hagu a kan matashi. Na daman ma aikinsa bai wuce cokali da carbi ba. Na aiki gwaggonka wurin mai gyaran agogo, ya ce irin na zinariyar nan, in mai shi ba ya motsi, tsayawa yake yi. Ka duba mini, mutum ya kalli hannunsa ya tarar har agogo ya shaida cewa hannun ya mutu. Ba za a ɗaura masa wannan ina raye ba.

Abin da ya fi cin ransa shi ne tambayar lokaci. Mun rataya masa na bango, ya ce wannan na kowa ne, ya ci gaba da shafa wurin da nasa yake zama. Likita ta ce a samar wa yatsunsa na dama abin yi kullum. Aka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya wurgar, ya ce shi ba yaro ba ne. Amma aiki na gaske, wanda zai tsaya in bai tashi ya yi shi ba, tun da na aure shi ban taɓa ganin ya juya masa baya ba.

Kada ka ba kowa saƙo. Kai za ka kawo da kanka, ka durƙusa ka ɗaura masa, ka nuna wa yatsunsa yadda ake yi. Zai yi fushi da ni don na tona, na saba, ya huce. Ku taho da jaririyar, hannu ɗaya ya isa ya riƙe ta. Ban ce gobe ba, amma kada ka ja lokaci.

Gwaggonka da kawunka da Auta suna gaishe ku. Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ka sumbaci goshin 'yar ƙawata. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Kakarka

Amsar kacici-kacicin kuwa, farin agogon nan ne mai maɗaurin fata. Shi za ka kawo.