Hannun Wani Cikin Safata

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafa. Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Yaya, kin sha yi mini dariya wai na auri kwalabe. To, har yanzu ina kan aikin nan: neman baƙin ƙarfe ya maye gurbin wani ƙarfe mai tsada da ake kira faladiyam wajen haɗa sinadarai biyu su zama magani. Ɗan mitsitsi ake sawa, ya haɗa su ya koma gefe. Amma nawa ba ya son iska ko kaɗan, sai a cikin akwatin gilashi, in zura hannuwa cikin doguwar baƙar safar roba har kafaɗa. Shekaru ina kallon ruwan nan ja, ina jiran ya koma shuɗi, alamar ya kama. Har a mafarki nakan gan shi, shuɗin yana sauka a hankali kamar an ɗiga shuni a ƙwaryar ruwa.

Sai ga abin da muka daɗe muna roƙo. Ina da juna biyu, Yaya. Likita ta ce tururin sinadaran ba na mai ciki ba ne, ko dai in bar ɗakin gwaje-gwajen, ko in sayi da-na-sani. Shugabanmu ya ce aikin ba zai jira ni ba, wanda ya ƙarasa shi ne sunansa zai zo a gaba. Na yi ta juyi, ina cewa ko mako ɗaya in ƙara. Maigidana kuwa takalmana kawai ya ajiye mini a bakin ƙofa, ya bar mini zaɓi. Ba a gudu ana susar takashi. Na miƙa wa Dogo, abokin aikina, makullin.

Jiya da hantsi ya aiko a kira ni. Na tsaya a waje, goshina jingine da gilashin ƙofa. Hannunsa na cikin safata, ya ɗaga kwalbar saitin taga. Shuɗi ne, Yaya, har ya fi na mafarkin kyau. Na yi kuka, na kishi da na murna a haɗe. Ina cikin haka na ji ɗan motsi a cikina, karo na farko, sai na juya wa ƙofar baya don in saurare shi sosai.

Ki gaida Inna, amma maganar cikin, ki bar ni in faɗa mata da bakina. Ki gaida Kawu, da Goggo, da Auta sarkin rigima.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, matar kwalabe