Tsohon Direban Tasi Ya Koyi Hawa Bas

Haeundae, 3 ga Yuli

Zuwa ga Mal-sun, uwar Hye-ran,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin naki? Hannun daman da ya shanye ya fara motsi kuwa? Mai jinya ta ce magana a waya tana gajiyar da harshenki, amma takarda kina karanta ta har sau uku. To ga takarda. Shekara arba'in da ɗaya muna tare ban taɓa rubuto miki ba, sai ki yi haƙuri da rubutun.

Akwai abin da na ɓoye miki. Na mayar da lasisina, na sayar da tasin. Idon nan na hagu ya daina ganin gefe. Watan jiya na gogi katangar makarantar yara, ban gan ta ba sam, ƙara kawai na ji. Na daɗe zaune cikin motar ina tunanin da ba katanga ba ce. Shi ya sa nake zuwa ranar Lahadi kaɗai a motar maƙwabci. Ba aiki ne ya yi min yawa ba, ƙarya na yi miki.

Hye-ran ta zo daga Seoul ranar Asabar. Ta samo miki gado a wani gidan jinya kusa da ita, ni kuma ɗakin da take shanya kaya a gidanta. Ba da mugun nufi ba, kin san 'yarki. Amma Malama Seo, mai tsara sallama a asibitinku, ta ce ana iya sallamo ki gida ƙarshen Agusta, in dai za a riƙa kawo ki gashin jiki da motsa gaɓoɓi Litinin, Laraba da Juma'a, ƙarfe goman safe, ba fashi. Na ce ni zan kawo ki.

Hye-ran ta ce, "Baba, da me? Goya ta za ka yi?"

Na ce da bas da jirgin ƙasa, kamar kowa.

Ta ce, "Yaushe rabonka da bas?"

Rabona da bas kuwa tun kafin a haife ta ne. Tasi kuma sau uku a mako har Ilgwang inda asibitinku yake, na fi kowa sanin ba za mu iya ba.

Jiya na gwada ni kaɗai. Mal-sun, babu lungun birnin nan namu na Busan da ban sani ba, amma na tsaya a tsallaken da ba nawa ba, bas ta ɗauke ni ta yi yamma. Ina gani ana wuce titunan da na sani ɗaya bayan ɗaya, kunya ta hana ni tambaya. A kasuwar kifi na sauka. Na sayo busasshen kifi don kada a ce tafiyar banza na yi.

Kada ki sa damuwa. Ina zuba wa barkonon ki ruwa kullum.

Mijinki,
Gwang-sik

Haeundae, 22 ga Yuli

Uwar Hye-ran,

Ina gaishe ki da kyau. An ce kin tsaya da ƙafafunki har an ƙirga ashirin. Da na ji, sai da na fita baranda na sha iska.

Za ki yi dariya in kin ji wurin wanda na je. Tak Du-man, tsohon direban bas na ƙasan layinmu, wanda muka shekara talatin muna zagin juna ta taga a kan hanya. Na same shi yana gyaran ƙugiyar kamun kifi. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya ajiye ƙugiyar ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne ba ka cewa bas akwatin talakawa ba? Yau mai gida ya sauko?"

Na ce, "Yaya, ka gama zaginka, sannan ka koya min."

Ya yi zagin kuwa, bai rage komai ba. Da ya gama ya kawo shayin sha'ir ya ce in buɗe kunne. Ashe ba kowace bas ke ɗaukar keken marasa lafiya ba, sai mai gajeren ƙasa mara matakala, wadda ake zaro mata farantin ƙarfe a ƙofar tsakiya keke ya hau. Allon tasha yana nuna alamarta in tana tafe. Kuma ba a tsayawa bayan jama'a, gaba ake fitowa a ɗaga wa direba hannu tun daga nesa.

Na aro keke a ofishin unguwa. Da farko buhun shinkafa na so ɗorawa in gwada. Du-man ya ce shinkafa ba ta ihu in an kayar da ita, shi zai zauna. Kin san girmansa, ya yi biyunki. Haka muka fito ranar Laraba, ina turawa, yana riƙe da laima yana ba ni umarni kamar kyaftin.

Ba mu ji da daɗi ba. Makarantu sun yi hutu, garin ya cika da baƙi. Bas ta farko ta zo maƙil da 'yan zuwa wanka, kowa da robar ninkaya a wuya, ko allura ba ta shiga. Ta biyu ta ɗauke mu, amma ta bi titin bakin teku muka tsaya cak rabin awa. Ni da na saba kutsawa lungu, sai ga ni ina taka burkin da babu. A tashar jirgi lifta tana can ɗaya ƙarshen. Da jirgin ya zo, ƙaramar tayar gaba ta faɗa ratar da ke tsakaninsa da dandamali, Du-man ya tafi gaba, da ƙyar na cafko wuyan rigarsa. Sha ɗaya da minti ashirin muka iso ƙofar asibiti. Ban shigo ba, don kada ki ga fuskata.

A benci na zauna ruwa yana dukana. Na ce masa da ke ce da kin kifa. Na ce wataƙila Hye-ran ce ke da gaskiya, son kai ne ke sa ni riƙe ki a nan.

Ya ce, "Ranar farko da na ja bas, fitilar titi na kwashe. Tashi ka mai da ni gida, yunwa nake ji."

Gobe za mu sake fita. Ki ci abinci ko ba daɗi.

Naki,
Gwang-sik

Haeundae, 15 ga Agusta

Uwar Hye-ran, abokiyar zamana,

Ina fatan kin tashi lafiya. Jiya kin gan mu mun shigo jiƙe da gumi, kina ta dubana kina son labari, ni kuma a gaban mutane bakina ba ya buɗuwa. Ga shi a rubuce.

Sau goma sha ɗaya muka yi hanyar nan. Na koyi shiga jirgi da baya, manyan tayoyi su fara hayewa. Na gano taragon da ke tsayawa daidai bakin lifta a Ilgwang. Na gano in muka fita takwas da kwata mu bi bas mai hawa ta bayan tudu, 'yan hutu suna barci tukuna. Duk na rubuta a bayan tsohuwar kalanda.

Malama Seo ta ce a nuna mata a aikace, ta sa jiya. Hye-ran ta sauko daga Seoul ta ce za ta bi mu a baya, ba za ta taɓa keken ba, ba za ta ce uffan ba. Ranar kuwa ta faɗo a tsakiyar hutu, garin kamar an juye Seoul a cikinsa.

Muna tasha sai allo ya nuna bas ɗinmu mai gajeren ƙasa ba ta fito ba, mai matakala ce ke tafe a madadinta. Ta gaba sai bayan minti arba'in, jirgin ya tafi ke nan. Na ji Hye-ran ta ja numfashi a bayana. Du-man ya rage murya ya ce, "Wannan kam ban da dabararta."

Na tsaya na rufe ido. Sai unguwar ta shimfiɗu a kaina kamar yadda take yi in fasinja ya ce yana sauri. Akwai wata bas da ke zuwa tashar jirgin ta ɗaya titin, kuma tsakaninmu da titin akwai lungun bayan kasuwa, inda masu ƙanƙara ke sauke kaya. Shimfiɗaɗɗe ne, babu matakala ko ɗaya, don da amalanke suke bi. Na juya keken na shiga. Muka ratsa tsakanin kwandunan kifi, ruwan ƙarni yana fantsama, Du-man yana ta cewa, "Hanya, iyayena, hanya, mara lafiya ne." Matan kasuwa suka janye robobinsu. Wata tsohuwa har ta cusa masa dafaffiyar masara a hannu ta ce ya samu sauƙi, ƙaton bai ji kunyar karɓa ba.

Muna fitowa titi bas tana kunno kai. Na fita gaba na ɗaga hannu. Direban ya tsaya daidai, ya zaro faranti, ya ce wa fasinjoji su matsa, suka matsa. Jirgi ya same mu a kan dandamali muna jiransa. Goma saura minti goma sha biyu muka tsaya gaban teburin Malama Seo. Ta dubi agogo, ta dube ni, ta jawo takarda. Du-man kuwa ya miƙe daga keken ya yi miƙa, wani mai gadi da ya riƙe mana ƙofa ya saki baki.

A hanyar dawowa Hye-ran ta zauna kusa da ni a jirgi, takalmanta na ofis duk ɓawon kifi. Can ta ce, "Baba, ka ba ni kalandar nan in ɗauki hotonta. In na zo hutu ni ma in iya kai Mama." Ta kira gidan jinyar ta ce su ba wani gadon.

Ranar ashirin da tara zan zo in ɗauke ki. Na cire dokin ƙofar banɗaki, na sa ƙarfen riƙewa a bango.

Mijinki mai jiranki,
Gwang-sik

Haeundae, 30 ga Agusta

'Yata Hye-ran,

Muna gaishe ki ni da mahaifiyarki, a gaida mijinki. Kin ce in ba ki labari dalla-dalla, waya kuma ba ta ishe ni.

Mun taho jiya. Ba ta da nauyi ko kaɗan, bayan Du-man sai na ji kamar iska nake turawa, abin ya sosa min rai. A jirgi ta ƙura wa taga ido. A bas direba ya ɗaure mata keken, na tsaya a kanta ina lissafa tashoshi. Kusa da hannunta na dama, wanda ya shanye, akwai maɓallin ƙararrawa. Da muka doshi tasharmu na miƙa hannu zan danna, sai ta kaɗe ni da na hagu.

Kin san yadda maganar take fita yanzu, ɗaya-ɗaya. Ta ce, "Direba. Zauna. Ni ce."

Ta ɗaga hannun daman. Yana rawa, yana hawa a hankali, ni kuma ina kallon tasharmu tana matsowa, ta zo, ta wuce. Ta gaba ma ta wuce. Na janye hannuna na jira. Wata mata da ke kusa ta yunƙura za ta taimaka, na girgiza mata kai. Sai da muka gangaro har inda teku ke buɗewa, yatsan ya kai, ƙararrawa ta yi ƙara.

Na ce, "Uwar Hye-ran, mun wuce gida da tasha uku."

Ta ce, "Na sani."

A bakin ruwa muka sauka. Ta sha miyar ganyen teku kwano guda cur a rumfar ƙawarta, matan suka kewaye ta suna kuka suna dariya. Sai la'asar muka hau ta komawa.

Litinin ƙarfe takwas da kwata za mu fita. Du-man ya ce zai raka mu, amma da ƙafarsa.

Mahaifinki,
Bae Gwang-sik