Ƙasusuwan Tokuji a Kakar Buri

Litinin, 8 ga Disamba

Na iso Tsurihama da tulun ƙasusuwan mijina Tokuji a cinyata, abin da ya rage bayan an ƙona gawarsa. Duk zaman aurenmu mutumin nan bai gaji da yabon garinsu ba, kifin garinsu, ruwan garinsu, ga shi yau garin nasu ya hana shi shiga gidan da aka haife shi.

Yayansa Rikizo ne ya tare ni a bakin ƙofa. Ko gaisuwar mutuwa babu. Ya kalli farin ƙyallen da na naɗe akwatin tulun da shi, ya ja baya.

"Hisae, ba yanzu ba. Kifin buri ya shigo. Ki bari kakar kamunsa ta wuce."

Na ce, "Yaya, ranar Asabar ce cikar kwana arba'in da tara da rasuwarsa. Ranar za a sa shi a kabarin iyayenku, shi ya roƙe ni."

Ya ce duk wanda ya taɓa ƙashin mamaci ba ya hawa jirgin kamun kifi sai bayan mako, kuma shi ne shugaban jirgi, idan ya zauna wa zai ja taru? Kabarin gida kuma ba a buɗe shi sai babba na tsaye. Ina juyawa na ji watsin gishiri a bayana. Ni aka watsa wa gishiri, kamar wata annoba.

Talata, 9 ga Disamba

Masauki cike da baƙi. Daga Osaka, daga Tokyo, kowa ya zo cin sushi. Tun safe suke layi a cikin dusar ƙanƙara, hanci na zuba, don lomar shinkafa da yankan ɗanyen kifi. Kuma sai sun ɗauke shi hoto kafin su kai baki. Mai masauki ta kawo min faranti shaƙe da buri, na ce ina zaman makoki, ba na cin kifi. Ta kalle ni kamar na zagi uwarta.

Na ci shinkafa da ganye. Na ajiye Tokuji kusa da taga, na kunna masa turare, na zazzage masa duk abin da ke cikina. Kai da ka gudu daga jirgi tun kana saurayi ka tafi gyaran agogo a Gifu, me ya sa ba ka ce a binne ka can ba? Ko a raye ma haka yake yi, in ina faɗa ya yi shiru.

Laraba, 10 ga Disamba

Limamin haikali ya ce shi a shirye yake, amma maganar kabari ta babban gida ce. Ya ba ni shayi. Shayi na zo sha?

Alhamis, 11 ga Disamba

Tamae, matar Rikizo, ta zo a ɓoye da ƙullin lemo. Ba ta shigo ɗakin ba, a bakin ƙofa ta durƙusa.

"Ki yi haƙuri da Baban yara. Gidaje da yawa ke ci daga jirgin nan, abin da aka kama a watan nan shi ake ci har baɗi. Ga samarin jirgin sun fara cewa ya tsufa."

Na ce, "To ƙanensa ya mutu a lokacin da bai dace ba ke nan? Da na sani da na ce masa ya dakata sai bazara."

Ta yi kuka. Ban rarrashe ta ba. Na ce ta gaya masa idan Asabar ta wuce zan koma da Tokuji Gifu, in sa shi a irin ɗakin ajiyar ƙasusuwan nan na haikali, tsakanin baƙi, kuma ba zai ƙara ganin Tsurihama ba. Da gaske nake.

Lemon yana da zaƙi, abin haushi.

Juma'a, 12 ga Disamba



Da safe na ji jirage na dawowa, na ji baƙi na gudu zuwa tasha su ga ana sauke kifi. Kowane ɗan yawon buɗe ido yana da izinin tsayawa a wurin, ban da ɗan gari. Na cika na batse. Na ɗauki akwatin da farin ƙyallensa, ban sa a jaka ba, na rungume shi na nufi tashar.

Masu sayen kifi ne suka fara ganina, suka dare gida biyu. Hayaniya ta mutu. Na je har bakin jirgin Rikizo na tsaya, buri jibge a kan ƙanƙara, kowane ya kai tsawon hannuna. Wani matashi ya ce, "Baba, ki rufa mana asiri, ki matsa da abin nan."

Na ce, "Abin nan sunansa Tokuji. Ya ja tarun nan kafin a haife ka."

Rikizo ya sauko. Na ɗauka mari zan sha, kuma na shirya ramawa. Ya daɗe yana kallon akwatin. Sai ya cire safar hannunsa, ya goge tafinsa a wando, ya miƙo hannu biyu.

Wani ya ce, "Shugaba, kada ka taɓa!"

Ya karɓa. Ya ɗan ɗaga shi kamar mai auna kifi, ya ce, "Kai, wawa. Duk abin da ya rage ke nan?" Ya juya ya ce wa matashin nan ya ja jirgi daga gobe, ya kama hanyar gida da ƙanensa a ƙirji, ni ina biye kamar wadda aka ƙwace wa kaya.

Na yi nasara, ko? To me ya sa nake jin kamar na fasa wani abu?

Asabar, 13 ga Disamba

An sa shi kusa da uwarsa da ubansa. Rikizo da kansa ya ture dutsen kabarin. Bayan an gama Tamae ta yanka buri, makoki ya ƙare, na ci. Tokuji bai yi ƙarya ba game da kifin. Ban faɗa wa kowa ba.

Litinin, 15 ga Disamba

Jiya jirgin ya yi kamun da ba a taɓa yi ba a bana, kuma babu Rikizo a ciki. Duk gari ana yabon matashin nan. Tamae ta ce masu jirgin sun kira taro, ba su gayyaci Baban yara ba.

Ba laifina ba ne. Da ya zo jana'iza tun farko, da ya karɓe mu ranar Litinin kamar mutum, da duk haka ba ta faru ba. Taurin kai ne da shi kamar jaki, kuma na gaya masa haka a gabansa.

Yau na same shi a kan tudun bayan gida, inda ake hango ruwa, ba hula, dusar ƙanƙara na sauka a kansa. Na ce, "Yaya, so kake ka bi shi? Ni ba zan sake ɗaukar wani tulu ba." Na jefa masa hularsa da na zo da ita. Ya sa, ya matsa min a kan bencin ba tare da ya kalle ni ba. Muka zauna har jirage suka shigo.

Ya tambaye ni ko Tokuji ya sha wahala a ƙarshe. Na ce a'a. Ya sha, amma wannan tsakanina da shi ne.

Jirgin ƙasana na gobe ne. Amma na ce wa Tamae ta bar shimfiɗar da ta yi min a gidansu a inda take, sai na ga ko masu jirgin za su mayar da Rikizo bakin aikinsa. Ita ba ta iya yi masa faɗa, kuma dole wani ya yi.