Mabuɗin da Ka Bari a Tirena

Pumpumre, Garwa
Ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Lukmanu, sanyin idona, inuwar darbejiyata a tsakar ranar Garwa, ruwan Binuwai a bakin mai ƙishi.

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ban yi nisa a lekol, makarantar boko, ba. Ni da ban taɓa iya ɗaga kai na dube ka ba, yau ga ni riƙe da biro. Tsoro ne ya fi ƙarfin kunyata.

Jiya da na ɗaga ƙyallen tirena na ga mabuɗin rumfar naman Baba Idrisa kwance a ƙarƙashin makala, fanken da nake sayarwa. Sai na tuna abin da ka faɗa a gurguje kana kallon titi, wai in ajiye, in kai wa mahaifinka ranar Juma'a bayan motar Marwa ta tashi da kai. Wayyo, hasken safiyata! Ashe aiken da za ka fara yi mini ke nan? In je gaban dattijo in miƙa masa ƙarfe a madadin ɗansa?

Ka tuna yadda muka fara? Inna ba ta yarda a taɓa makalarta sai mai hannun albarka ya buɗe mana kasuwa. Ko wa ya riga ka zuwa, cewa take mai bai gama tsanewa ba, alhali kai take jira. Kana zuwa da asuba, ka yi bisimilla, ka buɗe rumfarku, ka shafa Fatiha, sannan ka tsallako ka ɗauki ta farko. Kullum sai ka tsokane ni, ka ce wai Yelwa ta haɗiye harshenta tare da makala, ko kuwa da tire take hira? Ni kuwa in rufe fuska da mayafi, zuciyata tana tsalle kamar kifin da aka fitar daga koma. Tun daga nan, in ba ka zo ba, gari bai waye mini ba.

Amma tun da baƙon nan mai sabon moto, babur ɗin nan, ya fara zama da ku a bayan tasha ka canza. Ka daina tsokana. Kalma ɗaya ce a bakinka: fathu. Fathu ya kusa, za ku je arewa ku ci garuruwa, za a ba ka moto, za ka zama wani. Ban san Larabci ba, sai na tambayi Malama Karimatu a Islamiyya, ban ambaci sunanka ba, wallahi. Ta ce asalin kalmar buɗewa ce, kamar yadda ake buɗe ƙofa. Daga ita aka sami Fatiha da ke buɗe Alƙur'ani, da miftahu, wato mabuɗi, da sunan Allah Alfattahu, wanda muke roƙo in mun ce Allah ya yi buɗi. Ta ce gaskiya ne ana kiran cin gari da yaƙi fathu, domin ƙofofin garin sun buɗe. Amma da aka yi fathun Makka, yafe wa mutanen garin aka yi, aka ce wanda ya shiga gidansa ya tsira. Daga nan ta dube ni ta ce in faɗa mata wa ke koya mini wannan kalma a irin wannan lokaci. Na yi mata sallama na fito.

To, Yaya, ni ba malama ba ce, amma ina da ido. Na ga matan da suka sauko daga can arewa da tabarmi a ka, suna kwana a zauren maƙwabtanmu. Ba wadda ta ce an buɗe mata ƙofa. Ƙonawa aka yi. Na ga yadda jandarmomi ke sauke samari daga mota a hanya. Dawuda ɗan unguwarku da ya bi mutumin nan bara, wa ya ƙara jin muryarsa? Uwarsa har yau tana ajiye masa tuwo. Haka kake so in zama, ya farin watana? In riƙa ajiye makalar farko har ta bushe?

Ina jin tsoron ka tsane ni. Na juya abin a raina har abinci ya ƙi shiga, Inna tana tambaya ko zazzaɓi ne. Ka ba ni amana, ni kuma ban taɓa cin amana ba. Amma ba zan iya riƙe wadda za ta kashe ka ba.

Ga abin da na yanke. Gobe Alhamis zan kafa tirena a inda na saba. Ba zan ɗaga ƙyallen ba, ko Inna za ta yi faɗa, ko makalar za ta huce, sai ka zo ka buɗe mana kasuwa, ka karɓi mabuɗinka da hannunka, ka buɗe rumfar da yau ta yini a rufe kana ce wa Baba ya ɓata. In aka kira la'asar ban gan ka ba, zan yafa mayafina in tafi wurin Baba Idrisa. Ban taɓa yi masa maganar da ta wuce gaisuwa ba, amma zan durƙusa in faɗa masa komai, da motar, da ranar, da mai moton. Ba zan jira Juma'a ba.

Useni, ina roƙonka, Yaya, don Allah don Annabi, ka zo. In kuwa ka zaɓi ka ƙi ni saboda wannan, na yarda. Ka ƙi ni kana Garwa, kana saran nama a rumfar mahaifinka, ina hango ka daga tsallaken titi. Ko ba ka ƙara duban tirena ba, makalar farko taka ce muddin ina numfashi, ba wanda zan miƙa wa ita.

Taka, jiya da yau da bayan Juma'a,
Yelwa