Fili Nata, Gini Nawa

Yaya Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya ƙafar Malam? Ya su Ummi da karatu? Allah Ya sa kuna lafiya.

Rabi ta gama idda, mun je gaban alƙali a kan gidan Basirka. Hukuncin a bayyane yake: fili nata ne, gadon mahaifinta, gini kuma nawa. Ko ta biya ni, ko in biya ta. Ita ba ta da hali, ni kuma kin san albashin malamin makaranta. Sayarwa kuwa, 'yan'uwanta sun rantse baƙo ba zai zauna a filin ubansu ba.

Jiya Kawu Sale ya ce mini, "Kai ɗan boko, tunani zai kashe ka! Ɓalle kwanonka da ƙofofinka, ranar Asabar zan turo mota."

Ban iya yi masa musu ba. Amma damina ta kankama, Yaya, kuma 'ya'yana uku a ƙarƙashin kwanon nan suke kwana.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida Malam. Kawu yana jin maganarki. Don Allah ki kira shi kafin Asabar.

Ƙaninki,
Habibu
Birnin Kudu