Dariyar da Kika Bari a Bahri

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna. Gaisuwa mai yawa cikin ladabi, daga Omdurman zuwa makwancinki.

Bayan haka, jiya na ƙetare gada na je Bahri. Masana'antar man gyaɗan nan da kika yi wa aiki har bayanki ya ranƙwafa, an share ta an mai da ita gidan tarihi. Injin matsa yana nan, ya sha fenti kamar za a kai shi biki. Bangon kuwa har yanzu yana ƙamshin ƙuli, irin wanda kike dawowa da shi a mayafinki.

A ɗaki na biyu na gan ki. Wani tsohon hoto ne na mata masu tsintar gyaɗa, ke ce ta uku a layi. Kin ɗaga jaririyar Sakina abokiyar aikinki sama, kina dariya baki har kunne. Inna, ashe kumatunki na loɓawa in kin yi dariya? Sai da na yi furfura na sani, a bango, cikin baƙi masu kallo.

Wallahi kishi ya kama ni. Ni mai jikoki, ina tsaye ina hararar jaririya a takarda.

Na san al'adar da kakanni suka taho da ita. Ni ce 'yar fari, dole ki ji kunyata. Ana yaye ni aka kai ni wurin Habboba, mahaifiyarki. In na zo gida, "ke, ga tuwo can" ne kawai rabona. Ranar da na ƙone da ruwan shayi, kin tsaya a bakin ƙofa kina murza gefen zane, maƙwabciya ce ta ɗauke ni. Habboba takan ce, "Tana sonki, ba a nunawa ne." Na yarda, na ɗauka haka Allah ya yi fuskarki. Ashe akwai wata fuskar, kina barin ta a wurin aiki.

Ƙarƙashin hoton an rubuta da Larabci cewa ba a san sunayen matan ba. Ma'aikaciyar wurin ta ga na daɗe, ta tambaya ko na gane wata, su rubuta. Na girgiza kai na fita. Ki yafe mini, Inna. Ba kunyar faɗin sunan uwa ba ce ta hana ni, rowa ce. Duk wanda ya shigo ya sami dariyarki kyauta, na ce sunan dai a bar mini.

Amma zan koma ranar Asabar, in tsaya daidai inda idonki ke kallo.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe mana, ya haɗa mu a gidan da ba a kunyar ɗan fari.

Taki,
Hauwa'u. Na rubuta sunana ne ko za ki kira shi sau ɗaya.