Matakalar da Ta Raba Maigidana da Tafiya

Zuwa ga:
Babban Likita, Shugaban Asibiti,
Ta hannun Shugaban Sashen Gashin Ƙashi.

Daga:
Matar majinyaci,
Gida na uku bayan makarantar firamare,
Layin masu walda.

Litinin, 14 ga Oktoba.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: MAYAR DA ƊAKIN GASHI SAMAN BENE, DA CIRE SUNAN MAIGIDANA BISA DALILIN RASHIN ZUWA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya, ina neman izinin gabatar da koke a madadin maigidana, dattijo mai shekara saba'in da ɗaya, wanda hannunsa bai riƙe biro ba tukuna.

Maigidana magini ne. Ya yi rayuwarsa a kan tsani da bulo a ka, har yaran aikinsa suka laƙaba masa Ƙadangare, suna faɗa a bayan idonsa. A ranar 6 ga Mayu ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bayan an sallame shi daga kwanciya, aka tura shi sashen gashi, ya fara zuwa ranar 3 ga Yuni, duk Litinin da Alhamis.

Ba zan ɓoye alheri ba. Ma'aikaciyar da ta kama shi, wadda ya sa wa suna Sajan saboda ba ta san lallashi ba, ita ta tsayar da shi tsakanin sandunan ƙarfe biyu da ake dafawa. Yakan ce mata ko bulo ana bari ya bushe kafin a ɗora masa kaya, ta ce masa shi ya riga ya bushe tun bara. A ƙarshen Agusta ya taka daga wannan kan sandunan zuwa wancan. Ranar na shiga banɗakinku na yi kuka son raina. Sajan ta gargaɗe mu cewa watannin farko su ne komai, in ƙafa ta saba da zama, da wuya ta sake tashi.

Ga ƙorafina:

1. A ranar 2 ga Satumba muka tarar an mai da ɗakin gashi ɗakin taro, an kwashe sandunan zuwa hawa na biyu. Na'urar hawa bene ta daɗe da lalacewa. Ranka ya daɗe, ban yi karatun likita ba, amma na kasa gane hikimar kai wa mai koyon tafiya magani saman matakala.

2. Ma'aikacin da ke karɓar kati ya ce kowa 'yan'uwansa ke goya shi su hau da shi. Babban ɗanmu ya durƙusa ya miƙa baya. Maigidana ya yi ƙememe, ya ce yaron da ya goya da zazzaɓi zuwa wannan asibitin ba zai goya shi a gaban jama'a ba. Wataƙila a kira wannan taurin kai. Na zauna da taurin kan nan shekara arba'in da shida, kuma shi ne ya tashe shi daga gado lokacin da kowa ya sare.

3. Sai ya samo tasa dabarar. Ya zauna a matakala ta farko, ya juya wa sama baya, yana tokarawa da hannun hagu yana jan jiki, ni kuma ina ɗaga masa ƙafar da ba ta ji. Masu fararen riguna suna raɓa mu suna wucewa. Ya isa sama rigarsa sharkaf da gumi, wandonsa ya yi butu-butu, ya tarar lokacinsa ya wuce, wani yana kan sandunan. Haka aka yi ranar 2, da ranar 5. Ranar 9 muka yi sammako, sai aka ce ba a buɗe ƙofar matakala sai an gama goge-goge, nan ma lokacinsa ya wuce.

4. A ranar 12 ga Satumba aka sanar da mu an cire sunansa, wai ya ƙi zuwa sau uku a jere. Wannan kalma ta "ƙi zuwa" ita ta fi yi mini ciwo. Mai sharar bene ta gan shi, har ruwa ta ba shi a tsakiyar hanya, a tambaye ta.

5. Na je ofishin shugaban sashe sau biyu. An ce in dawo, sannan an ce in rubuto. Sajan ta ce abin ya fi ƙarfinta, kuma ta kasa haɗa ido da ni.

Yau wata guda ke nan yana gida. Ƙafar ta fara ƙagewa. Ya daina faɗa da ni kan gishirin da na rage masa a miya, ya daina tambayar labarin ginin da yaransa ke yi. Ina tsoro ƙwarai.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a mayar da sunansa, a goge masa wannan rashin zuwan da bai yi ba, a kuma sauko da sandunan ƙasa, ko da a baranda ne. Ba shi kaɗai ba ne, akwai tsofaffin da ba su da mai rubuta musu takarda.

Ina roƙon a dubi lamarin da gaggawa. Jiya ya sa ɗansa ya auna ƙofar ɗakinmu, ƙofar da shi ya gina da hannunsa, ya ce a kira kafinta a faɗaɗa ta yadda keken guragu zai shiga. Ni ya kalla ya ce kada in ƙara wahalar da bayana wajen ɗaga shi. Kafintan zai zo ranar Asabar, 19 ga wata. Don Allah a ba ni amsar da zan sallami kafintan da ita.

Ka huta lafiya, ranka ya daɗe.

Mai biyayya,
(sa hannu)
Matar magini.